Mai Riƙon Fitila

Sun zo daren Talata, sun sake zuwa daren Laraba.
Da safe Baba ya tsaya a bakin gona, hula a hannu,
yana kallon kunyoyin gyaɗar da muka shuka da kuɗin banki,
an birkice su kamar an kwana dambe a kai.
Eka shida. Bai ce uffan ba.
Ya sunkuya ya ɗauki ɓawo guda, babu ƙwaya,
ya jefa a aljihu, ban san don me ba.

Aladen daji ba sa sallama.
Daga kurmin kogin Brazos suke hawowa,
ta ƙarƙashin wayar da Rogelio ya ɗaure har sau uku,
sai rana ta kwanta, sai kare ya gaji da haushi.

Tun ina shekara tara nake riƙe masa fitila.
"Lorene, kar ki watsa musu haske a fuska.
Ɗaga shi sama, ba taurari tukuna,
sannan ki sauko da shi sannu-sannu
kamar mai kwantar da jaririn da barci ya ɗauke."
Kore ne hasken, ya ce bai cika firgita su ba.

Daren nan muna bayan a-kori-kura,
inji a kashe, ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.
Sauro na cin rabonsa.
Iska ta yi mana kara, ta kawo warinsu kafin gurnani:
taɓo, fitsari, da jiƙaƙƙiyar masarar da muka zuba musu.

Na ba taurari. Na sauko.
Ga su, goma sha huɗu, koraye kamar an tsamo su daga gansakuka,
hanci a ƙasa, suna huɗar da ba wanda ya sa su.
Ƙaton na gefe, haure kamar lauje biyu,
taku arba'in, ko yaro ya yi jifa ya same shi.

Na jira ƙara. Na ƙirga numfashi bakwai.
"Ina suke?" in ji Baba cikin raɗa.
"Ga su nan gabanka."
"Ina?"

Nan na tuna kofin da ya zuba wa gahawa har ya malala kan tebur,
da wasiƙar bankin da ya miƙo mini, wai tabarau ya ɓata,
da yadda ya daina tuƙi da almuru,
ya ce gwiwa ce ke damunsa.
Alvin Janecek, mai harbin gwangwani daga ƙetaren tafki,
yana lalube cikin hasken da na shimfiɗa masa.
An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi bai ganinsa.
Daren nan ni ce na hango,
ban kuwa hau komai ba sai bayan mota.

Ya miƙo bindiga, gindi gaba. Na miƙa fitila.
Hannunsa na rawa, hasken na rawa,
gonar duka na kaɗawa kamar ƙarƙashin ruwa.
"Dama kaɗan, Baba. Ƙasa. Tsaya nan."
Ya tsaya, iyakar tsayuwar da hannun ya yarda.

Kafaɗata ta sha naushi, kunnena ya ɗauki shuu.
Sha uku suka faɗa duhu, ƙanana na tsuwwa a bayan uwa.
Ƙaton ya yi shure-shurensa, ya yi shiru.

Muka sauka. Na kama masa gwiwar hannu, bai fizge ba.
Ya durƙusa ya shafa gashin nan mai kaushi,
ya auna hauren da ɗan yatsa,
ya laluba har ya taɓa inda jini ke ɗumi.
"Bayan kunne," ya ce. "Haka na koya miki."

Rogelio zai zo da asuba da igiya da wuƙa.
Sauran za su dawo jibi, su da danginsu, mun sani.
A hanyar gida ni ke tuƙi.
Yana gefena, fitilar a cinya, ya manta bai kashe ba,
koren hasken na wanke masa haɓa,
batir na ƙarewa a banza,
ni kuwa ban gaya masa ba.